Kwarin Dutsen Baba

Ni mai sa tayil ne. In na shiga gidan mutum, kafin in gama gaishe shi idona ya riga ya sauka ƙasa, ya gano inda ruwa zai kwanta in an zubar. Shekara goma sha tara ke nan ina durƙushe a ɗakunan mutane da banɗakunansu, duk inda na ga tudu ko kwari sai na kashe shi. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce mugunta ce ta sa na yi wa dutsen Baba abin da na yi. Ba mugunta ba ce, iya aiki ne, kuma shi ya fi ci mini rai.

Baba mai aski ne, irin na da, mai aska da fatar gyara bakinta da dutsen washi. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, kujera ɗaya, benci ɗaya, da madubin da duk gefensa ya yi baƙi-baƙi. Da can layi ake yi masa. Da samari masu injin aski suka cika titin, da kiɗa da fitilu masu launi, mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura tsofaffi huɗu: wani tsohon direba, da mai gyaran agogo, da malamin makaranta mai ritaya, da wani mai gadi da ba ya ji sosai. Su huɗun nan su ke tayar da Baba daga kan gado. Tun da Mama ta rasu ya dawo gidana da zama, na lura ranar da ba ya zuwa shago ko shayinsa ba ya shanyewa, sai ya zauna ya zuba wa bango ido.

Yana da wata magana da kowa a titin ya haddace: “Ranar da na fitar wa mutum jini, ranar zan rufe shagon nan.” Shekara arba'in da ɗaya yana faɗinta, bai taɓa yankan kowa ba, kuma duk wanda ya san Baba ya san ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Mu biyu ya haifa. Yayana yana wani gari mai nisa, yana aikin ofis, ya iya magana kamar rediyo. In ya bugo waya Baba har gyara zama yake yi, ya ce, “Babbana, ya aiki?” Ni kuwa da nake kai shi asibiti, nake saya masa magani, nake gyara masa famfon shago, sunana a bakinsa “kai”. Kai, miƙo wancan. Kai, ka rufe ƙofa. Ina ɗan shekara sha biyar ya taɓa gwada koya mini aski, kwana uku kacal ya karɓe askarsa ya ce, “Hannunka nauyi gare shi. Je ka nemi aikin da ake dannewa.” Na je na nema, na kuma samu. Amma bai taɓa leƙa ko ɗaki ɗaya da na yi ba, balle ya ce ya yi kyau.

Wata rana da hantsi ina shagon ina canza masa ƙwan fitila, Yaya ya bugo. Na ji Baba yana cewa, “Dutsen nan nawa ya fara tsagewa ta ƙasa. In ka ga irinsa a can ka duba mini.”

“Haba Baba, wannan ai ƙaramin abu ne,” in ji Yaya, muryarsa ta cika shagon. “Na waje zan sa a kawo maka, mai akwati. Ka bar mini kawai.”

Ina tsaye a kan benci, kaina ya kusa taɓa rufi, Baba bai ko ɗaga ido ya ce kai ma ka duba ba. Wata biyar suka wuce. Abin da Yaya ya turo shi ne hotunan duwatsu guda bakwai a wayata, da saƙon cewa in nuna wa Baba ya zaɓa. Na nuna masa, ya riƙe wayar nesa, ya kawo ta kusa, ya ce duk suna da kyau. Yaya ya ce to zai bincika farashi, daga nan maganar ta bi iska.

Na ce a raina, wannan karon ni zan yi.

Ranar da aka biya ni kuɗin wani aiki na wuce kantin kayan ƙarfe da nake sayen faifan yanka tayil. Mai kantin dattijo ne mai tabarau a kan hanci, irin mutanen da in ka tambaye su ƙusa sai sun ba ka tarihinta. Na ce dutsen washi nake so, na aska, mahaifina zan saya wa.

Ya jera mini uku a kan kanta. Na farko mai fuska biyu, toka-toka, an tara irinsa a kwali kamar sabulu. Na biyu ja-ja. Na uku sai da ya buɗe gilashi da makulli ya ɗauko shi, fari sol, kwance a akwatin katako.

“Ja farcenka a kan kowanne,” in ji shi.

Na ja. Na farko ya ci farcen nan take. Na biyu ya ɗan karce shi. Na uku kuwa kamar na ja a kan faranti.

“To ka ji. Wannan na wuƙar kicin ne da adda, in ka ɗora masa aska ya cinye ta. Wannan na tsakiya yana fitar da baki, amma zai bar shi da ƙaiƙayi, mutum ya tashi fuska na yi masa zafi. Aska sai wannan farin. Ka ga lambar da ke jikinsu? Yadda lamba ta fi girma haka dutse ya fi laushi, haka kuma ya fi cizon aljihu.”

Ya faɗi kuɗin farin. Na yi dariya don na ɗauka wasa yake yi. Sai na yi banɗaki biyu cif, in ban ci ba ban sha ba, kafin in ɗauke shi. Na juya na tsakiyan a hannuna, na ajiye, na sake ɗauka. Na san in na kai wa Baba shi, farce ɗaya zai ja a kai ya tura shi ƙarƙashin benci, ya ce a jira na Babbansa.

Mai kantin ya gane halin da nake ciki. Ya ce, “Wanda yake amfani da shi yanzu fa, ya mutu ne gaba ɗaya? Kawo mini shi in gani. Sau da yawa mutane na zubar da abin da ya fi wanda za su saya.”

Aka yi dace, ko in ce rashin dace, a satin mura ta kwantar da Baba kwana biyu. Makullin shagon yana hannuna. Na je na ɗauko dutsen daga inda yake ajiye shi, naɗe cikin wani tsohon tawul. Rabona da in riƙe shi tun ina yaro. Ruwan ƙwai ne launinsa, tsawonsa bai fi tafin hannu da rabi ba, tsakiyarsa ta lotsa ta yi kwari mai santsi, ga kuma siririyar tsaga ta ƙasa.

Mai kantin ya ɗiga masa ruwa, ya murza da yatsa, wani farin ruwa kamar madara ya taso. Ya cire tabarau ya mayar.

“Ɗan'uwa, ko farin nan nawa bai kama ƙafar wannan ba. Irinsa ba a kawo shi yanzu.” Sai ya ɗauko rular ƙarfe ya ɗora a kai, ya ɗaga saitin ƙofa. Haske ya ratsa ta ƙarƙashi, har tsinken ashana zai wuce. “Amma dubi nan. Wannan ai ya zama kwano. Dutsen aska dole ya miƙe sak, kowane littafi haka ya ce. Ga shawarar da ba za ta ci maka kuɗi ba. Sayi mai arhan nan ka fara cin gefen da shi, ka sayi sanfefa ta ruwa, mai kaushi da mai laushi, ka shimfiɗa a kan abin da ka tabbata shafaffe ne, ka goge shi har ya daidaita. Tsagar kuma ka manna shi a kan katako, ba za ta ƙara tafiya ba. Kana da abu shafaffe?”

Ni ake tambaya ko ina da abu shafaffe! Na ji wani daɗi ya taso mini tun daga ciki. Ga abin da kuɗin Yaya da bakin Yaya ba za su iya ba, ga shi ya faɗo daidai cikin sana'ata. Ban tsaya na tambayi kaina ba, me ya sa mutumin da ke gane gashi ɗaya da ya tsere wa aska ya zauna da kwano shekara da shekaru bai gyara ba. Mai kantin bai san Baba ba, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Ni na san shi.

A tsakar gida na yi aikin, da rana tsaka. Na ɗauko ragowar wani tayil mai kauri da na san ko gashi ba ya shiga ƙarƙashin rula a kansa. Na zana layuka da fensir a fuskar dutsen, a tsaye da a kwance, don in riƙa ganin inda ya ci da inda bai ci ba. Na fara da dutsen arha, na koma sanfefa. Layukan gefe suka fara ɓacewa, na tsakiya suka tsaya suna kallona. Na ci gaba. Farin ruwan nan yana gangarowa daga kan tayil yana bin rariya, ina ƙara ruwa ina murna. Matata ta leƙo ta ce, “Wai dutsen ma tayil za ka sa masa?” Na ce ta jira ta gani. Sai da kafaɗuna suka yi tsami kafin layin ƙarshe na tsakiya ya tafi. Na ɗora rula, na ɗaga sama, babu haske ko na ƙwayar zarra. Na manna shi a kan katako mai kyau, na goge gefunan, na naɗe shi a tawul ɗinsa na mayar inda yake.

Ranar da Baba ya koma shago na ƙi zuwa aiki, na ce zan raka shi saboda jikinsa. Tsohon direban nan ya riga mu isa, yana zaune a bakin matakala, gemu ya yi masa fari-fari na kwana biyar.

“Ka tashi ke nan? Na ce in ka ƙara kwana ɗaya jikokina za su fara gudu na,” in ji shi.

“Da ma can ba kyau ne ya riƙe su ba,” in ji Baba. “Hau kujera.”

Ya ɗaura masa farin tawul a wuya, ya kaɗa sabulu, ya shafa masa kumfa. Sannan ya warware dutsen, ya ɗebo ruwa a kofi ya zuba kamar yadda ya saba. Da, ruwan a kwarin yake taruwa ya tsaya. Yau sai ya bi ta kowane gefe ya zubo masa a ƙafa.

Baba ya tsaya cak. Ya ɗora babban yatsa a kan dutsen, ya tafi da shi daga wannan kai zuwa wancan, ya dawo. Ya taɓa katakon.

“Wa ya taɓa mini dutse?”

“Ni ne, Baba,” na ce, har da murmushina. “Ya lotsa ne, na daidaita maka shi. Mai kanti ya ce ko na akwati bai kai shi ba. Tsagar ma na kama ta.”

Ya sake bin dutsen da yatsa. Na ga direba ya buɗe ido ya dube ni ta madubi, wani irin kallo da ban gane ba a lokacin. Ya ce, “Ko mu bari sai gobe? Ni ba sauri nake ba.”

“Ka taɓa hawa kujerar nan ka sauka da gemu?” in ji Baba.

Ya buɗe askar ya fara wasawa. Tun ina yaro na san ƙarar nan, doguwa ce mai laushi, tafi da dawowa. Yau gajeriya ce, tana yankewa a tsakiya. Ya yi adadin da ya saba, ya ƙara wasu, ya ja ta a fata, ya gwada tsakiyar bakin a gashin hannunsa. Gashin ya zube. Na saki numfashi, na ce a raina, ka gani ko.

Kumatu suka tafi lafiya. Da ya zo ƙarƙashin muƙamuƙi, inda yake aiki da kan askar, sai na ji tana karta, tana jan gashi maimakon ta yanke. Direba ya runtse ido. Baba ya sake bi, ba ta ci ba. Sai ya yi abin da ya kore ni saboda shi ina ɗan shekara sha biyar, ya danna. Askar ta ɗan juya, tsakiyarta mai kaifin ta sami fata.

Jini ya fito, ya ratsa kumfa, ya gangara kan farin tawul ya yi jan layi mai faɗin yatsa. Ni daga bakin ƙofa ina ganinsa. Baba kuwa fuskarsa ba ta fi taki ɗaya daga wurin ba, idonsa a buɗe a kai, ya ɗauko buroshi zai ƙara kumfa. Sai da yatsunsa na hagu suka taɓa wurin ya ji ɗumi. Ya ɗago su, ya murza, ya kai kusa da ido har suna taɓa gira, sannan ya kai hanci.

A nan na gane Baba ba ya gani.

“Ƙurji ne,” in ji direba da sauri. “Wallahi ƙurji ne ya fito mini jiya, shi ka fasa. Ci gaba abinka.”

“Shekara talatin ina bin wuyan nan,” in ji Baba a hankali. “Babu ƙurji.”

Ya danna masa auduga har jinin ya tsaya, ya wanke masa sauran kumfar, ya kwance tawul ɗin. Ya goge askar ya naɗe ta. Ya ce wa direba ya je wurin yaran nan su ƙarasa masa, ya kuma yi haƙuri. Direba ya miƙa kuɗi, Baba bai ga hannun ba, ni kuma na kasa cewa ga shi.

A waje direba ya ja ni gefe, rabin fuska a aske, rabi da gemu. Ransa a ɓace yake ƙwarai.

“Kai wane irin ɗa ne? Kuna gida ɗaya ba ka san yanar ido ta rufe shi ba? Shekara uku ke nan ba ya ganin fuskarmu. Mu huɗun duk mun sani, mun yi shiru, don hannunsa ya fi idon wasu. Shi da bakinsa ya gaya mini, kwarin nan shi ke riƙe masa hannu. In ya kwantar da aska a ciki, dutsen ne ke kai ta inda za ta, ba sai ya duba ba. Tare suka tsufa, ita ta ci shi, shi ya ci ta. Ka tambaye shi kafin ka taɓa?”

Ban tambaye shi ba. So nake in ba shi mamaki.

Da muka dawo gida na ɗauki askar a ɓoye na ɗora bakinta a kan rulata. Ba miƙaƙƙe ba ne. Ya yi ɗan ciki, daidai da kwarin da na kashe. A kan shafaffen dutse tsakiyar kaɗai ke taɓawa, kai da gindi suna sama suna shan iska. Mai ido zai iya juya hannu ya bi da su. Abin da na wanke a rariya ina murna shi ne idon da ya rage wa Baba.

Baba bai koma shagon ba. Mai gyaran agogo ya zo, malam ya zo, har mai gadin nan ya zo yana ta ɗaga murya a ƙofar gida, Baba ya ce ai sun san maganarsa. Na ce zan sayi sabuwar aska mai miƙaƙƙen baki, ya ce da wane ido zai koyi hannunta. Na ce to bari in sake haƙa kwarin, na ga yadda yake, zan iya.

“Kwarin da aska ta haƙa daban, wanda za ka haƙa daban,” in ji shi. “Ko kana da shekara arba'in da za ka ba ni?”

Yaya ya bugo da ya ji labari. Ta wayata ma ya bugo, don haka a hannuna na riƙe masa ita yana zagina. “Ai na ce a bar mini! Na riga na yi magana da wani, wata mai zuwa za a kawo. Kai kullum sai ka nuna ka iya.” Baba ya gyara zama ya ce, “Bar shi, Babbana. Da ma an jira naka.” Naka wanne? Hoto bakwai? Na haɗiye, don wannan karon mai hoton bai fasa komai ba, ni da na motsa ni na fasa. Yanzu maganar aikin ido ake yi, likita ya ce an bar shi ya daɗe, ba ya alkawari. Yaya ya ce a bar masa wannan ma.

An ba wani mai gyaran waya shagon. Baba yana zama a baranda daga safe har rana ta juya, shayi na hucewa a gefensa, dutsen a kan cinyarsa. Ba ya wasa komai a kai. Babban yatsansa kawai ke tafiya daga wannan kai zuwa wancan, in ya zo tsakiya ya ɗan tsaya, ya wuce.

Shekaranjiya da safe na fito da bokitina da guduma ta roba zan tafi aiki, na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Yatsan ya ci gaba da tafiya a kan dutsen.

“Kai,” ya ce. “Kullum sai na shafa shi, ina neman inda ka kuskure. Ko gefe ɗaya da ya fi wani, ko ɗan tudu. Babu. Daga kai har gindi babu inda yatsa ke tuntuɓe.” Ya jinjina kai. “Ashe ka iya aikinka.”

Shekara goma sha tara ina jiran wannan magana. Na ce, “Na gode, Baba,” don ban san me kuma ake cewa ba. Na ɗauki bokitina na fita, shi kuma ya mayar da yatsansa tsakiyar dutsen.